Ruwa Kafin Wuƙa

Bari in fara da wautata, don in ban faɗa da bakina ba mutanen Mahuta za su faɗa, su kuwa sai sun ƙara gishiri. Ranar da aka binne taubashina ina Funtua. Na kai kekena gyara, na kwana biyu wurin 'yata, ba wanda ya riske ni da labari. Na san ba shi da lafiya, amma na sha ganin ya kwanta ya tashi. Da na dawo da hantsi sai na hangi tabarmi a ƙofar gidansa, mutane zazzaune. Matar babban ɗansa tana da tsohon ciki, sai na ce a raina ta haihu ke nan. Ban ko sauka daga keke ba na ɗaga murya:

"Ina limamin awaki? An sami ƙaruwa shi ne ba a aiko wa bawa ba? To, a fito mini da kan rago!"

Ba wanda ya yi dariya. Liman na gaskiya, wanda ke ja mana salla, ya sunkuyar da kai. Babban ɗan ya taso ya riƙe mini kan keke, ya ce, "Baba, sauko. Jiya da azahar aka kai shi."

Na sauko. Ga tabarma a shimfiɗe, amma a ƙasa na sami kaina zaune.

Shi ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa, ya girme ni da shekara goma sha wani abu. A wasan taubasai ni ne ɗan mace, don haka bawansa nake. Tun ina gudu ba wando har na yi furfura ban taɓa jin ya kira sunana ba, sai "bawana". Ni kuma na rama da "limamin awaki", sunan ya bi shi har kasuwar Dandume, har akwai waɗanda suka ɗauka sarauta ce.

Ina nan zaune sai ga mahaucin garinmu ya zo gaisuwa. Ya yi wa mamaci addu'a, ya shafa, sannan ya ce wa jama'a, "Ni dai na huta. Shekara talatin mutumin nan ya hana ni sakat. Da na kayar da akuya sai in ji tarinsa a bayana: ka ba ta ruwa? Ina wasa wuƙa ya ce in juya mata baya. In yanka wannan, ya ce in kawar da waccan kada ta gani. Ni da sana'ar ubana!" Ya ce, "Yau da safe na kayar da tunkiya, ba wanda ya yi tari. Sai ga ni na ɗauko ƙwarya." Ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska.

Can gefe kuma wani tsohon Bamaguje na ƙetaren rafi ya tsuguna, bai hau tabarma ba. Su in za su yi biki sukan kira Musulmi ya yanka musu, don baƙinsu Musulmi su ci, shi kuwa tsohon nan taubashina kaɗai yake kira. Wani ya tambaye shi dalili, tun da ga malamai birjik. Ya ce, "Ba don ya fi su karatu ba ne. Shi in ya zo, akuya ba ta sanin ya zo."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Karatuna bai taka kara ya karya ba. Rani biyu na yi a ajin yaƙi da jahilci bayan na haura hamsin, malamin ya ce bai taɓa ganin wanda ke rubuta baƙi ɗaya da fuska uku ba sai ni. Amma na ga in muka mutu, mu da muka san shi, abin da zai rage sai sunan da na laƙaba masa don tsokana. Wannan kuwa bai kamata ba.

Kada wani ya ɗauka ba ya cin nama. Yana ci ƙwarai, ya fi ni son ƙashi mai ɓargo. Ragonsa na layya shi ke turke shi wata huɗu, ya ba shi dusa da harawa da hannunsa, ranar salla kuma shi ke yankawa, hannunsa ba ya rawa. Abin da yakan ce shi ne, "Wuƙa an halatta mana. Ƙishirwa ban ji inda aka halatta ba." In an matsa masa da gardama sai ya ce, "Ita ba ta da bakin kai ƙara yau. Yau kaɗai."

Turkensa kullum a inuwa yake. In rana ta juyo, ya tashi daga hira ya je ya matsar da dabba. Igiyarsa doguwa ce, don ya ce wanda ba ya iya kwanciya ya miƙe ƙafa ba kiwonsa ake ba, ɗaurin talala ma ya fi. Wata ranar kasuwa a Dandume ya tare wani mai sayen kaji da ya rataye su a kan keke, ƙafafu sama kai ƙasa, bakuna a buɗe. Ya ce, "Malam, sauke su su sha ruwa." Mutumin ya ce, "Naka ne?" Ya ce, "A'a." "To, ina ruwanka? Gobe ma miya za su shiga." Taubashina ya ce, "Kai ma kabari za ka shiga, amma ba mu rataye ka tun yau ba." Kasuwa ta kwashe da dariya. Mai kaji ya taka kekensa ya tafi da su yadda suke. Yawanci haka abin nasa ke ƙarewa, a yi dariya, a wuce.

Ni ma mun taɓa ɓatawa. Ina da wani ramammen rago da nake so in kai kasuwa, sai na jiƙa kanwa, na danne shi na yi masa ɗure har cikinsa ya yi tulu, don mai saye ya ga kamar ƙiba ce. Ya shigo ya same ni a kai, ragon na shure-shure, ruwa na fita ta hanci. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Bawana, da kai da ragon nan, wanne ne dabbar?" Ya juya. Kwana tara bai amsa gaisuwata ba. Ni da bakina ba ya rufuwa, a kwanakin nan tuwo ma ba ya mini daɗi.

To, ga abin da ya fi ci mini rai.

Wajen shekarar da aka sami mulkin kai ya sayi garmar shanu, don noman auduga ya kankama, kowa na so ya faɗaɗa gona. Ya sami bijimai biyu farare. Ni na raɗa musu suna. Babban ba ya motsi sai ya gama tuƙa ya yi dogon tunani, na ce wannan Alƙali ne. Ƙaramin kullum yana biye da shi, na ce ga Muhuti, mataimakin alƙali. Damina bakwai suna huɗa tare. Rana na take tsaka zai kwance musu karkiya, ko da saura kunya biyar a gama. 'Ya'yansa su yi ta ƙunƙuni, maƙwabta su riga su gamawa, shi ko a jikinsa.

Wata kaka Muhuti ya tsinke igiya ya ci gyauron dawa, cikinsa ya kumbura, kafin a kai masa wuƙa ya mutu. Alƙali ya rage shi kaɗai, haƙora sun cinye, sa ɗaya kuwa ba ya jan garma. Abin da kowa ke yi shi ne a turke tsohon sa, a ba shi angurya da harawa ya yi ƙiba, a sayar a sayi matasa biyu. Taubashina bai ƙi ba. Shi da kansa ya turke shi rani guda, har Alƙali ya yi tozo kamar tulu. Abu ɗaya ya roƙa, a yanka shi a Mahuta, shi yana tsaye a wurin, ya ba shi ruwa da hannunsa.

Mahauci ya zo ya zagaya sa, ya ce, "Wa zai cinye wannan a garin nan? Ko ranar kasuwa rabi ba zai ƙare ba. Abin da zan iya bayarwa ba zai saya muku ko 'yan maruƙa biyu ba." Gaskiya ya faɗa. Gidan kuwa baki ya fi ashirin, damina ta matso, ba shanun huɗa. A lokacin an fara yaƙin basasa, nama na tsada a Kudu, fatake na saye a Funtua suna lodawa a jirgin ƙasa. Babban ɗan ya zo ya same ni, ya ce, "Baba, kai kaɗai kake iya gaya masa magana." Ni kuma da son a ce na iya, na je na kawo falke har gida.

Na ce, "Limamin awaki, Alƙali zai hau jirgi. Kai ka taɓa hawa? Zai ga Ikko, kai ko Kaduna ba ka sani ba."

Ya ce, "Kwana nawa ne?"

Falke ya ce, "Biyu, Baba. In ya yi yawa uku."

"Ana ba su ruwa?"

Falke ya dube ni. Na yi wuf na ce, "Haba, Yaya! Jirgin ma da ruwa yake tafiya, sai shanu za a hana?"

Ya dubi 'ya'yansa, ya dubi rumbunan da suka yi ƙasa. Ya ce, "To."

Bai yarda kowa ya kora shi ba. Da ƙafa ya kai shi Funtua, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, ni ina tura keke a baya. Duk rafin da muka tarar sai sun tsaya. Muka kwana, da safe aka shiga da shanu tasha.

Ban taɓa ganin lodin shanu ba sai ran nan, shi ma haka. An jingina katako a bakin tarago, masu lodi na ihu, sanduna na sauka. Wanda ya ƙi hawa a murɗe masa wutsiya, na ji ta wani ta yi ƙas. Wata tsohuwar saniya ta durƙusa ta ƙi tashi, wani ya tauna taba ya tofa mata a ido, ta zabura. A ciki kuma ana ɗaure ƙaho a jikin ƙarfe, kai a sama, a matsa wannan jikin wancan har ba inda za a sa hannu. Ƙarfen taragon tun da hantsi ya yi zafi.

Alƙali bai yi gardama ba. Sa ne da ya saba a ce masa tafi ya tafi. Ya tsaya a bakin katako yana tunaninsa kamar kullum, sai wani ya zabga masa sanda a gindi. Shekara takwas ba a taɓa dukansa ba. Ya waiwayo yana neman mai shi.

Taubashina ya yi gaba, yana cewa, "Kada ka dake shi, zai hau! Ka ce masa hau kawai!" Wani mai hular ma'aikata ya tare shi da hannu, ya ce, "Baba, ja baya. Ka sayar ko ba ka sayar ba?" Ya je ya ari bokiti wurin wata mai abinci, ya ɗebo ruwa a famfo, kafin ya dawo an rufe ƙofa an sa sakata. Ya bi jikin taragon yana leƙe ta tsakanin katakai, ruwa na zuba a rigarsa. Ba ta inda bokiti zai shiga. Taragon ya yini a rana, sai bayan la'asar aka zo aka ja shi. Duk yinin nan yana tsaye, ni ina gefensa, kuma karo na farko a rayuwata na rasa abin tsokana.

An sayi matasan bijimai biyu, an yi huɗa, an ci tuwo. Amma shi bai koma daidai ba. Duk wanda ya dawo daga Funtua sai ya tambaye shi ko ya ji labarin shanun da aka loda ranar kaza. Mutane suka fara cewa tsufa ne. Uwargidansa ta gaya mini yakan ɗauki ƙwarya zai sha, sai ya ajiye.

Bayan wata biyu na yi kiciɓis da mutumin da ya raka taragon, yana shan fura a bakin tasha. Na ce, "Malam, ka tuna wani farin sa mai tozo, na Mahuta?"

Ya yi dariya. "Duk farare ne, duk masu tozo ne."

"Kwana nawa kuka yi?"

"Wancan karon? Biyar. Ana ta ajiye mu a gefe jiragen soja su wuce."

"Ruwa fa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko shanu sun yi salla. Ya ce, "Ni ma da ƙyar na sami na sha. Wa zai kwance sa a tarago? Wanda ya faɗi, in mun gani mu yanka, in ba mu gani ba 'yan'uwansa su tattake. Uku muka fitar a Jabba." Na ce wanne da wanne. Ya ce, "Baba, ka sha fura."

Na hau keke ina tunanin abin da zan gaya masa. Kafin in kai Dandume shaiɗan ya ba ni dabara. Na sayi takarda da fensir, na zauna gindin wata ɗorawa na yi ta fama har rana ta karkata. Ga abin da na rubuta, ban manta ba:

"Gaisuwa mai yawa zuwa ga mai farin sa na Mahuta. Bayan haka sanka ya iso Ikko lafiya kwana biyu. A Kaduna ya sha ruwa, a Jabba ya sha ruwa, da ya sauka ma ya sha har ya bari. Wanda ya yanka shi malami ne, wuƙarsa da kaifi, kuma bai gan ta ba. Haza wasalam."

Na kai masa na ce ɗan rakiya ne ya bayar. Shi bai iya boko ba, ni na karanta masa, har ina yin tuntuɓe da gangan don kada ya ce na saba da ita. Ya ce in sake. Na sake. Ya karɓa ya juya ta, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya ce, "Madalla." Daga ranar bai ƙara tambayar kowa ba. Ni kuwa na yi ta yawo ina jin kaina gwani, na warkar da mutum da fensir. Sau da yawa nakan so in ba wani labari don a yaba mini, sai in tuna ba dama.

Shekara biyu ke nan. Mahauci ya ci gaba da jin tari a bayansa, masu kaji suka ci gaba da rataye kaji, jirgi kuma kowane mako yana ja. Sau ɗaya na ce masa mu je mu gaya wa hakimi a riƙa ba shanu ruwa a tasha. Ya ce, "Mu je mu ce mu su wa?" Ba mu je ba.

Kwana shida kafin rasuwarsa na shiga duba shi da la'asar. An fito da shi tsakar gida an jingina shi da bango. Ashe tun safe yake kiran mutane ɗaya ɗaya yana neman gafara, matansa, 'ya'yansa, maƙwabta, har mahauci. Ni ban ɗauki abin da zafi ba, na ce, "Wa ya ce maka ana karɓar limamin awaki a can? Sai ka jira ni in yi maka iso."

Ya yi murmushi, ya ce, "Bawana, zauna. Ka yafe mini."

Na ce, "Me ka yi mini? Na yafe. Ni ma ka yafe mini." Na buɗe baki zan faɗi abin da za a yafe, sai na fasa. Na ce a raina, in na faɗa na ƙwace masa abin da yake riƙe da shi, in ban faɗa ba ya tafi da ƙaryata a aljihu. Ina cikin wannan sai ya ce, "Na yafe maka, duniya da lahira."

Ya dubi turken da ke gindin bedi, inda sababbin bijiman ke tuƙa. Ya ce, "Kowa na samu na roƙa. Saura ɗaya, shi kuwa ban san inda zan same shi ba. Shekara takwas ya ciyar da gidan nan, na kai shi da ƙafata."

Na ce, "Haba, Yaya, ai ka ji takarda. Ya sha ruwa har ya bari."

Ya laluba aljihu ya fito da ita, ta yi laushi, ninkin ya kusa rabuwa. Bai ba ni ba, ya ɗora a gwiwa ya dafa. Ya ce, "Wanda ya rubuta wannan yana sona, Allah ya yi masa albarka. Sai dai bai taɓa shayar da Alƙali ba." Ya juyo ya dube ni, ba fushi a idonsa ko kaɗan. "Tun ranar da na same shi ba ya sa baki a ruwa sai an yi masa fito. Ko kwana zai yi a bakin rafi, in ban yi fito ba ba zai sha ba. To, bawana, wa ya yi masa fito a Jabba?"